Rabe Mai Dawisu da Takardu Masu Tabo

Ranar Asabar, 14 ga Maris, 2009, da hantsi, Isyaku ya fara ganin Rabe. A garejin manyan motoci ne a Funtua, inda kafintoci ke haɗa bodin katako na motocin ɗaukar hatsi da auduga. Shekarar Isyaku shida a wurin a lokacin, kuma shi kaɗai ke yi wa motoci zane a ƙyauren baya. Yana tsugune yana wanke buroshi da kananzir, sai ga wani siririn mutum ya sauko daga acaɓa da gwangwanayen fenti huɗu cikin tsohon buhun taki. Ya yi sallama, ya ce sunansa Rabe, daga Mahuta yake, ya tambaya ko akwai inda mutum zai raɓa ya yi aiki. Isyaku da kansa ya nuna masa gindin darbejiyar da ke kallon rumfarsa. Taku goma sha ɗaya ne tsakaninsu. Daga baya Isyaku ya sha cewa da ya sani da hanyar fita ya nuna masa.

Isyaku mutum ne mai awo. Kafin ya taɓa fenti sai ya raba ƙyaure gida-gida da alli da igiya, ya fitar da zakinsa ko masallacinsa daidai wa daida. Rabe bai san wannan ba. Tsayawa yake gaban katako ya ƙura masa ido kamar mai sauraron magana, sannan ya tsoma buroshi ya fara daga inda ya ga dama. Mota ta farko da ya samu, dawisu ya zana mata. Da aka fito da ita rana, masu shayi suka bar teburinsu suka zo kallo. Isyaku ma ya zo, ya duba da kyau, ya ce ƙafar hagu ta fi ta dama tsawo. Gaskiya ya faɗa, amma ba wanda ya juyo ya kalle shi.

Littafin ƙungiyar gareji ya nuna cewa daga wannan shekara zuwa 2018, mota ɗari biyu da goma sha huɗu suka bi ta hannun Rabe, casa'in da bakwai ta hannun Isyaku. Ba su taɓa faɗa ba. Tare suke sallah, Rabe yakan aro jan fenti ya mayar da shuɗi. Abin da ke cin Isyaku a rai shi ne Rabe bai ma san ana gasa ba. In Isyaku ya gama zaki, Rabe kan tako ya ce, "Malam Isyaku, wannan gashin wuya ya yi kyau," kuma har zuciyarsa yake faɗi. Isyaku ya gwammace zagi.

A watan Satumba na 2018 hannun Rabe ya tsaya. Ba ciwo ya yi ba, ba a yi masa rasuwa ba. An kawo masa ƙyaure an shafe shi da farin fenti kamar kullum, ya tsaya gabansa tun safe har azahar, fentin ya bushe a bakin buroshi. Washegari ma haka. A rana ta biyar ya ba mai motar haƙuri, ya nuna masa rumfar Isyaku. Mutane suka yi ta magana. Wasu suka ce sammu ne, har da masu satar kallon Isyaku in an ambaci haka. Shi Rabe abin da ya ce kawai shi ne, "Kowa dawisu yake so. Na yi ta yi har na daina ganinsa. Yanzu in na ga farin katako, ji nake kamar jira yake in yi kuskure."

Aiki ya dawo wa Isyaku gaba ɗaya. Ya sa aka faɗaɗa rumfarsa, ya sayi tsani. Sai dai daɗin bai cika ba, saboda wani direba mai suna Kamalu, wanda ba ya ganin abu ya yi shiru, ya laƙaba masa suna. Duk sanda zai wuce sai ya ɗaga murya: "Mai riƙon ƙwarya, ina kwana? Mai kujerar bai warke ba har yanzu?" Gareji ya kwashe da dariya, Isyaku ma ya yi yaƙe.

Rabe bai koma Mahuta ba. Ya riƙa zuwa kullum yana zama wurin Malam Ɗanladi baduku, wanda ke ɗinkin kujerun mota a ƙarshen layi. Zaman banza ya ishe shi, ya fara tsintar guntayen fata yana juyawa a hannu. Matarsa Zakiyya tana zuwa Islamiyyar matan aure, littafinta ya yayyage, sai ya ninke takardu ashirin, ya huda su da basilla wuri biyar, ya ɗinke da zaren Ɗanladi, ya yi bango da kwali ya lulluɓe da jar fata. Matan ajinsu suka gani suka ce su ma. Daga nan manoma suka fara saye don rubuta ranar shuka da ranar zuba taki. Kafin damina ta 2019 ta ƙare, Rabe ya koma gindin darbejiyarsa, amma da basilla da almakashi maimakon buroshi.

Isyaku ya ɗauka zai ji sanyi ganin haka. Bai ji ba. Yana kan tsani fenti na ɗiga masa a hannun riga, zai hango Rabe zaune a inuwa ya harɗe ƙafa, yana goga kakin zuma a zare yana ɗan waƙe-waƙensa, mutane sun kewaye shi suna shafa bangon littafi. Mutumin da ya kamata a ce ya karye, ga shi ma ya fi da sakin fuska.

Wata rana Isyaku ya ɗaga murya daga kan tsani: "Malam Rabe, daga zanen mota an koma ɗinki? Saura ka fara kwalliyar amare."

"In an kawo ai sai a gwada, Malam Isyaku," in ji Rabe, bai ko ɗago ba.

Takarda ita ce matsalar Rabe, don sabuwa ta yi tsada. Isyaku ya san haka. A watan Afrilu na 2021 ya je rubuta allon wani kamfanin gurzar auduga, ya tarar an fitar da dami uku na tsofaffin takardu za a ƙone. Ba a rubuta komai a kansu ba, amma sun daɗe a ɗakin inji: baƙin mai ya ɗiga a wasu, ruwan rufi ya zana wa wasu taswira, tsatsar ƙusa ta ci gefen wasu. Ya ɗauko su a keke napep ya sauke gaban Rabe. A ransa ya riga ya ga yadda za ta kasance. Rabe ba zai iya ƙin kyauta ba, zai ɗinka su, masu saye su buɗe su ga datti su watse.

"Ga gudummawata," ya ce.

Rabe ya miƙe tsaye ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana godiya, har Isyaku ya kau da kai.

Bayan mako uku Isyaku ya lura cincirindon gindin darbejiya ya ƙaru. Ya yi kamar zai ari almakashi, ya ɗauki littafi ɗaya ya buɗe. A shafi na uku, inda baƙin mai ya ɗiga, akwai zabuwa ta sunkuya tana tsattsaga, ɗigon man ya zama jikinta. A shafi na tara tabon ruwa ya zama bakin rafi, da wata mata tana wanki. Tsatsar ƙusa ta zama zangarniyar dawa. Duka da biro baƙi, ba wanda ya fi tafin hannun jariri girma. Isyaku ya juya littafin ya nuna wa Rabe.

"Ashe ka koma zane ba labari?"

"Wane zane?" in ji Rabe. "Tabo nake rufewa kar a ce na sayar da datti."

Isyaku ya dube shi ya ga da gaske yake. Mutumin bai sani ba. A nan Isyaku ya gane abin da duk garejin bai gane ba: farin wuri ne ke kashe hannun Rabe, in an riga an ɓata wurin, tsoron ya tafi. Ya mayar da littafin, ya koma rumfarsa, bai gaya wa kowa ba. Wata bakwai yana riƙe da wannan a cikinsa.

Da kaka, Alhaji Manu na Dayi, wanda ke da motoci shida, ya sa aka haɗa masa bodi sabo, mafi girma da aka taɓa yi a garejin. An riga an yi magana Isyaku zai zana ƙyauren. Sai Kamalu, wanda shi zai tuƙa motar, ya nuna wa Alhaji littafin da ya saya. Ranar Litinin, 8 ga Nuwamba, Alhaji ya zo da kansa ya tsaya tsakanin rumfa da darbejiya.

"Malam Rabe, wanda ya yi wannan zabuwa shi nake so a bayan motata."

"Alhaji, ka yi haƙuri, na daina."

"Ban karɓa ba. Ga ƙyaure nan. In Juma'a ta yi ba ka fara ba, Malam Isyaku ya ɗauka, ai ba a rasa shi." Ya juya ya dafa kafaɗar Isyaku. "Ko ba haka ba?"

"Haka ne, Alhaji," in ji Isyaku.

Aka jingina farin ƙyauren a jikin darbejiya. Talata Rabe ya tsaya gabansa har la'asar. Laraba ya zauna ya juya masa baya. Isyaku ba ya bukatar yin komai, shiru na kwana biyu kawai, aikin ya zama nasa. Yana da wata ƙaramar mota a hannu, yana yi mata zaki, amma idonsa na can. Maganar Alhaji ce ke ta dawo masa: ai ba a rasa shi. Zai zana babbar motar, ta zaga Malumfashi da Kano da Legas, duk inda ta tsaya a ce wannan ita ce wadda Rabe ya kasa. Ranar Alhamis da safe Kamalu ya wuce yana cin gyaɗa, ya ce, "Mai riƙon ƙwarya, gobe za a ƙara maka wa'adi ke nan."

Isyaku ya sauko daga tsani. Ba tausayi ne ya sauko da shi ba, shi da kansa ya faɗi haka daga baya. So yake a ajiye zakinsa kusa da duk abin da Rabe zai yi, Rabe da lafiyar hannunsa, a duba a faɗi gaskiya sau ɗaya. Ya ɗauki tsumman da yake goge buroshi, ya tsoma a gwangwanin baƙin mai na makanikai, ya taka takun nan goma sha ɗaya, ya maka shi a tsakiyar farin ƙyauren, ya ja shi ƙasa a karkace.

Kamalu ya zubar da gyaɗarsa. "Malam Isyaku, ka haukace? Motar Alhaji!"

"To ga datti nan," Isyaku ya ce wa Rabe. "Sai ka rufe kafin mai ita ya zo."

Rabe ya daɗe yana kallon tabon. Sannan ya karkata kai gefe ɗaya, ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ai wannan bijimi ne ya sunkuyo." Ya sa tsumma ya tsane man, ya bar inuwarsa a katako. Bai da fenti, ya miƙa hannu bai ko waiwayo ba. Isyaku ya kawo masa nasa.

Kwana huɗu Rabe ya yi yana zanen. Bijimin noma ne baƙi, ya dage yana jan garma, bayansa gonar auduga ta fashe fari fat har ƙarshen katako. Ranar Litinin aka fito da motocin biyu rana, ta Alhaji da mai zakin Isyaku, aka jera su. Zakin shi ne mafi kyau da Isyaku ya taɓa yi, ba inda awo ya kuskure. Mutane suka bi ta gabansa suka taru a bayan bijimin. Isyaku ya tsaya a ƙarshen taro yana dubawa. Ƙahon dama ya fi na hagu kauri. Wannan karon bai faɗa ba.

Da yamma Rabe ya kawo masa littafi mai koren bango, ya ce, "Ba don kai ba, Malam Isyaku, da takardun nan da tsumman nan..." Isyaku ya karɓa ya jefa cikin akwatin fenti. Yana nan har yau, bai rubuta komai a ciki ba.

Rabe yana garejin har yanzu, gindin darbejiyar nan. Ɗinkin littafi ne babban aikinsa, yana yin kamar goma sha biyu a mako, kuma ba ya karɓar takarda mai tsabta. Mota uku ko huɗu yake zanawa a shekara, bai sake yin dawisu ba. Kafin ya fara, sai ya sa mai motar ya ɓata ƙyauren da hannunsa. Sauran motocin Isyaku ke yi, kuma littafin ƙungiya ya nuna tun 2022 ya fi Rabe yawan aiki kowace shekara. Kamalu bai canza masa suna ba.