Akun Inna

Ban taɓa son akun nan ba, gara in faɗa tun farko. Shekarun da na zauna gidan kawuna a unguwar Al Qusais, can ƙasar Larabawa, ina aiki a wani ofishin jigilar kaya, shi ke tashina da ihu, ya watsa ɓawon gyaɗa a falon da ni zan share. Toka-toka ne, jelarsa ja wur, yana kallon mutum a karkace kamar tsohuwar da ba ta yarda da kai ba. Na Inna ne, matar Kawu, kuma ita kaɗai yake bari ta sosa masa kai.

Na san irinsu a inda Allah ya ajiye su. Lokacin bautar ƙasa an tura ni wani ƙauye a bakin kurmin kudu, kusa da iyakar Kamaru. Da yamma sukan wuce garke-garke ta saman dogayen itatuwa suna fito da kururuwa, su sauka kan kwakwar manja su yi ta ɓarza. A kogon itace suke ƙwai, kuma mutanen garin sun ce in namiji ya zaɓi mace, shi ke nan sai mutuwa. Namu kuwa yana can saman bene ƙarƙashin na'urar sanyi, tagarsa na kallon rufin sito. Abokiyar da ya zaɓa Inna ce.

Inna ta rasu bayan gajeriyar jinya. Mace ce mai kunya, ko saƙon murya ba ta yarda ta tura a waya. Sai ya zamana duk duniya babu inda muryarta ta saura sai bakin wannan tsuntsu. Yakan yi tarinta, ya yi dariyarta, da safe ya ce, "Alhaji, shayinka zai huce," sak ita. Kawu ya daina fita shagonsa da wuri. Yakan zauna gaban kejin da kofi a hannu, ba zai kurɓa ba sai an faɗa masa.

Ana haka akun ya fara fige gashin ƙirjinsa har fata ta fito, maganar ma ta ragu. Na matsa wa Kawu mu kai shi wurin likitan dabbobi, har na ɗaga murya. Ya ce tsuntsun ba ciwo yake ba, kewa ce, kuma shi ya san maganin kewa.

Akwai kwalbar turaren wuta da Inna ta haɗa da hannunta. Duk Juma'a takan turara gidan, amma sai ta fara kai kejin baranda ta rufe ƙofa. Mun ɗauka don kada ya dami baƙi ne, ba wanda ya taɓa tambayarta.

Wata Juma'a cikin tsananin zafi na dawo daga aiki na tarar da falo ya turnuƙe, tagogi a rufe. Kawu ya ajiye kasko a ƙarƙashin kejin, ya lulluɓe kejin da mayafin Inna yadda ake turara kaya, don kada ƙamshinta ya tsere wa tsuntsun. Na fizge mayafin. Akun na ƙasan keji, baki buɗe, jela na sama da ƙasa.

Ni na kai shi asibitin dabbobi a mota, Kawu ya zauna a gida yana jira. Likitar ta ce numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne, iska na ratsa jikinsa gaba ɗaya, hayaƙin da ke yi mana daɗi shi kashe shi yake. Kafin ta gama bayani ya daina motsi. Na yi kuka a wurin, ni da ban taɓa sonsa ba.

Da na dawo Kawu bai tambayi gawar ba. Ya ce, "A mota, ya ce wani abu?"

Na ce a'a.

Washegari na same shi zaune gaban kejin da babu komai a ciki, kofi a hannu. Tausayi ya kama ni, na ce, "Kawu, shayinka zai huce."

Ya ɗago da sauri, ya ga ni ce. Ya ajiye kofin a hankali.

"Khalas, ya isa, 'yata," ya ce. "Kada ki sake faɗa."