Kayan da Malam Iro Ya Yanke wa Hukunci

Har gobe ina tuna wata Asabar a shagonmu na gyaran rediyo da talabijin a Hayin Banki. Hajiya Binta, mai wa'azi a walimar mata, ta kawo amfilifayarta, na'urar ƙara sauti, gyara da safe. Bayan La'asar za ta yi walimar saukar 'yarta a Unguwar Dosa, kuma mata sun fara taruwa.

Abokin aikina Malam Iro ya girme ni a sana'a, ga shi da saurin fushi kamar ashana. Ya gano wani ɗan tiranzisto da ake kira jefet ne ya ƙone, ya sayo sababbi wajen Alhaji Sabo mai kayan gyara, ya ɗora musu mitar awo.

Bari in yi wa sababbin shiga bayani. Tiranziston da muka saba da shi a rufe yake sai an ba shi wuta. Jefet kuwa kamar famfo ne da aka bari a buɗe, ƙafarsa da ake kira get ita ke matse shi. Lafiyayye ma, in ka auna sauran ƙafafun biyu, wuta na wucewa gaba da baya. Malam Iro bai taɓa aiki da shi ba. Duk wanda ya auna sai ya ce ya mutu, ya wurga shi gwangwanin matattu.

Ina dawowa daga sallar Azahar na tarar yana wanke Alhaji Sabo tas a waya.

Na ce, "Malam, ai haka halittarsu take."

Ya ce, "Kai ka halicce su?"

Na tono ɗaya daga gwangwanin, na haɗe get da ƙafar da ke kusa, na auna ya ga lafiyarsa ƙalau, na liƙa shi a amfilifayar. Muka jona makirfo da lasifikar ƙofar shago don gwaji. Shi kunya ta hana shi tsayawa, ya juya baya ya sake kiran Alhaji, yana magana ƙasa-ƙasa dab da makirfon.

Sai layin gaba ɗaya ya ɗauka: "Alhaji, ka yafe mini, jahilcina ne. Don Allah kada kowa ya ji."

Hajiya, da ta dawo karɓar kayanta daidai lokacin, ta ce, "Madalla, ko raɗa tana kamawa." Ta sa aka ɗauki kayanta.

Na yi dariya har da hawaye, na kuma tausaya masa. Tun ranar nake gaya wa masu koyo: ka san halin abu kafin ka ce ya lalace, kuma ka kashe makirfo kafin ka ba da haƙuri.