Ranar da Muka Jira Ruwa Ya Ɗauke

A ƙarshen shekarun tamanin ina karatu a ƙasar Turawa, a unguwar Bloomsbury, ina kwana a Camberwell, a ɗakin sama na gidan wani dattijo mutumin zangon Kumasi. Baba muke ce masa, matarsa kuma Hajiya. Aikinsa wankin motocin bas ne a gareji. Ya yi shekara da shekaru hannunsa cikin ruwan sanyi, amma shi da sanyi ba su taɓa shiri ba. Ko da rani safa biyu yake sawa. In na tsokane shi na ce, "Baba, ai yau rana ta fito," sai ya leƙa taga ya taɓe baki ya ce, "Wannan rana ne? Wannan fitila ne, ɗana."

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi a asibiti, magana ɗaya ya yi ta nanatawa. Ya sha ganin yadda ake ajiye mamatanmu a firji ana jiran takardu. Ya riƙe hannuna, Hajiya tana zaune, ya ce, "In na mutu kar ku bar ni cikin fridge. Sanyin da na sha ya isa. Ku sa ni ƙasa da wuri." Na ce in sha Allahu.

Ranar Talata ya cika. Duk zaryar da muka yi, ba a ba mu gawarsa ba sai Alhamis da yamma. Aka samar masa wuri a maƙabartar hukuma can bayan gari, ranar Juma'a. An gaya mana ƙarara cewa masu haƙa suna tashi kafin duhu, kuma ba sa aiki Asabar da Lahadi. A watan Disamba kuwa, tun la'asar gari yake rufewa.

Ni mutum ne mai kallon hasashen yanayi a talabijin bayan labarai, har Baba yakan yi mini dariya wai na mai da Baturen taswira malamin duba. A wannan Alhamis ɗin na kalla da kunne biyu. Baturen ya nuna wani shuɗin layi mai haƙora yana tahowa daga yamma. Ya ce ruwa tun safe, iska mai sanyi tana biye da shi. Bayan azahar ruwan zai ɗauke, iska ta kwanta, sai hazo mai kauri ya sauka a wajen gari. Ya ce masu tuƙi su yi hattara.

Da safe muka taru a masallacinmu, wani tsohon kanti ne a bayan Old Kent Road. Aka yi wa Baba wanka, aka suturta shi, aka sallace shi tun hantsi. Motar gawa tana bakin ƙofa. Ruwa kuwa yana ta zuba, irin siririn nan nasu da ba ya ƙara, ba ya kuma gajiya.

Liman, wani tsoho abokin Baba tun suna samari, ya leƙa waje ya dawo ya zauna. Ya ce, "A dakata ruwa ya ɗauke."

Kowa ya gyara zama, don kuwa haka muka taso muka gani. A gida hadari yakan haɗo daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya zubo, ya wuce abinsa. Mai hankali fakewa yake yi. Ba wanda zai fita da gawa cikin ruwa likkafani ya jiƙe, a saka mutum cikin taɓo. Girmama Baba suke yi, na sani.

Na durƙusa kusa da shi na ce, "Malam, a yi haƙuri. An faɗa a talabijin, bayan ruwan nan hazo ne. In ba mu tafi yanzu ba masu haƙa za su yi closing."

Ya dube ni ya ce, "Television ne yake saukar da ruwa?"

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Wani ya ce 'yan boko ke nan. Na koma gefe zuciyata tana tafasa, amma a gaban furfura me yaro zai ce? Direban motar gawa ya shigo ya nuna agogonsa, aka ba shi shayi.

Muna nan zaune har lokacin Juma'a ya yi. To, wa zai tsallake Juma'a ya fita? Aka yi huɗuba, ba gajeriya ba. Muna sallamewa ruwa ya ɗauke ɗif, sama ta yi tas, wani sanyi mai yankan kunne ya sauko. Liman ya juyo ya ce mini, "Ka gani, ɗana? Haƙuri."

Mun daɗe a cunkoson motoci kafin mu fita gari. Muna barin gidaje, gonaki suka fara hayaƙi. Kafin mu ankara komai ya yi fari fat. Ina motar da ke bin ta gawa, amma jajayen fitilunta kawai nake gani, su ma suna ɓacewa suna dawowa. Tafiyar ta koma rarrafe. Motoci biyu daga cikinmu suka saki hanya, sai washegari muka ji labarinsu.

Mun tarar da ƙofar maƙabarta da sarƙa. Mai gadi ya fito da tocila ya ce masu haƙa sun jira, sun rufe ramin da katako, sun tafi. Muka roƙe shi. Muka ce ya buɗe kawai, mu da hannuwanmu za mu rufe ɗan'uwanmu. Ya ce ko ramin ba za mu gani ba a wannan hazo, kuma ba shi da iko. Sai Litinin.

Liman ya kama ƙarfen ƙofar da hannu biyu yana kuka kamar yaro, yana kiran sunan abokinsa. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, kuma har yau duka biyun suna nan. Muka juya da Baba, aka mai da shi firjin masu motar gawa. A gabana suka tura shi ciki, suka kulle wurin.

Ni ke zaune a gidan, don haka ni aka bar wa faɗa wa Hajiya. Na tarar da mata cike da falo, Hajiya a tsakiya da carbi. Na tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi fuskata, sannan ta dubi takalmina.

Ta ce, "Ba laka a ƙafanka."

Na ce, "Sai Litinin, Hajiya."

Ta dafa bango ta miƙe, ta hau sama a hankali. Na ɗauka kuka za ta je yi. Sai ga ta ta sauko rungume da bargo mai kauri, na kan gadonsu, ta ɗora mini a hannu.

Ta ce, "Kai mishi."

Na karɓa na fita cikin hazon. Na kasa ce mata sun riga sun kulle.