Keken da Na Yi wa Birkin Kirgi

Dukanci na gada. Mahaifina da kakana badukai ne a Dutse, ni ma da shi nake ci da gidana. Lokacin da abin nan ya faru Turawa ba su daɗe da zama ba, in keke ya wuce har fitowa ake yi kallo.

Nawa a hannun wani bakano mai sayen fatu na same shi, musaya muka yi da fatun awaki. Keken tsoho ne, ya sha hannu, shi ya sa ya zo da araha. Gudu kam yana yi, tsayawa ce ba ya yi. Robar birkin ta cinye saura ƙarfe, in ka matse sai ƙara kawai. Wata rana na ɗauko kaya zan kai Aujara, a gangaren gindin duwatsu na zarce cikin shingen ƙaya. Matata ta wuni tana cire mini ƙaya da matsefata, tana cewa jakin gidanmu bai taɓa yi mini haka ba.

Roba sai Kano ake samu. Na ce bari in gwada abin da na iya. Na sa fatar akuya, kwana biyu ta yage. Na koma kirgi, wato jemammiyar fatar bijimi, na wajen wuya inda ya fi kauri, na jiƙa, na buga da guduma har ya yi tauri, na yanka na cusa a gurbin robar. Ƙarfen ƙafar baya ya karkace, na bi wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya ina ɗaurewa har ya miƙe, na wanke maiƙonsa da toka. Maƙerin unguwarmu ya rage wa sandar birkin tsawo. Kusan wata biyu ina fama.

Ya kama. Ko an yi ruwa ƙafa ta jiƙe, da na matse sai ya tsaya cak.

Kuskurena son a sani ne. Ran kasuwa na yi ta saukowa gangaren ina tsayawa a gaban mutane. Cikin masu kallo akwai masinjan Baturen da ke zuwa rangadi ƙasarmu. Washegari sai ga shi a rumfarmu. Ya ce Bature yana son ya ga aikin, a ba shi keken kwana uku, kuma zan ji alheri. Na miƙa masa da hannu biyu, har godiya na yi.

Kwana uku suka zama wata uku. Na koma ɗaukar kaya a ka. Daga baya na ji cewa Bature ya yaba ƙwarai, masinjan kuwa ya ce dabararsa ce. Keken kuma na gan shi da idona a ƙarƙashin ƙanin matar masinjan, wani mai sayar da goro.

Na ce zan kai ƙara. Mahaifina bai ko ɗaga kai daga ɗinkin da yake yi ba.

"Wurin wa? Wanda zai fassara maganarka ga Bature, ai shi ne ya ɗauki keken."

Da kaka ta yi, masinjan ya dawo yana tura keken, mai goron na biye da shi. Na ɗauka dawo da shi aka yi. Ya jingine shi a bakin rumfa ya ce kirgin ya cinye, a sa sabo kafin la'asar.

"Ranka ya daɗe, keken ai..."

"Na hukuma ne yanzu," in ji shi.

Na zauna na ɗauko wuƙa. A kusa da ni akwai ragowar fatar akuya, na san in na sa ta, kwana biyu za ta yage, birki ya ƙwace wa mai goron a gangare. Amma hanyar nan mata ke bi da tuluna daga rijiya. Na yanko kirgi mai kyau na sa.

Mai goron ya hau ya gwada, ya ce ya yi. Ya ciro goro ɗaya, ya ɓara, ya ba ni rabi.