Kujerar Gaba ta MaGumbo

MaGumbo mace ce da ba ta iya barin abu ya wuce ba. Duk unguwar Njube an san ta, gajera mai faɗin kafaɗa, ɗankwali ɗaure tamau har kan gira. In ta tsaya bakin shinge ta zuba maka ido, sai ka fara laluben laifin da ka yi. Ko a coci ba mai son zama kusa da ita, don da gwiwar hannu take gyara wa mutane waƙa.

Ƙuruciyarta duk a gidan Turawa ta ƙare, can unguwar Hillside, tana wanki da guga da renon 'ya'yan wasu, 'yarta tilo Zodwa tana ƙauye wajen kaka. A can ta san silimar mota, wadda ake shiga fili da mota a yi kallo daga ciki. Ranar da za a je, ita ke gasa kaza, ta cika fulas da shayi, ta ninke barguna, ta goge gilashin gaba da tsohuwar jarida har sai ya yi ƙara. Sannan a tafi da ita don ta riƙe jariri. Wurinta can ƙarshen doguwar motar ne, tsakanin kwanduna, bayanta ga allon da ake haska fim. Takan ji dawakai da harbi da kukan mata daga lasifikar da ake ratayawa a tagar direba, amma abin da take gani hasken da ke wasa a fuskokin mutanen motar baya ne kawai. Da ta ɗan juya wuya, Madam, uwar gidan, za ta ce, “Jaririn, Gladys.” Ba ma sunanta ba ne, Madam ce ta laƙaba mata don na gaskiyar ya yi mata nauyi a baki.

Tun a lokacin ta yi wa kanta alkawari, wata rana sai ta zauna a kujerar gaba ta kalli abin nan ido da ido. Aka samu mulkin kai, Turawanta suka tattara suka tafi kudu, ita ta dawo Njube da ciwon gwiwa da alkawarinta.

To, sai Zodwa ta kawo mata Mehluli Siwela, mai gyaran kekuna a bakin kasuwa, farce baƙi ƙirin da mai. MaGumbo malamin makaranta ta so. Ba ta iya hana auren ba, sai ta ɗauki al'ada ta mai da ita bulala. Kunyar suruka da mijin 'ya kowa ya san ta: ba su zama a abu ɗaya, ba su haɗa jiki, ba ya cin abinci a gabanta. Amma a gari ai tuni aka sassauta, ɗaki biyu ne gidan kowa, ina za ka gudu? Ita kam ta ƙara mata gishiri. Da ta tare a gidansu saboda gwiwa, a gidan da shi ya gina, Mehluli a bayan ɗaki yake cin tuwonsa, ko ana ruwa. In tana tsakar gida, sai ya zagaya. Magana kuwa ba ta taɓa yi masa kai tsaye ba. Yana tsaye gabanta za ta ce, “Zodwa, ki gaya wa wancan ya rage ƙarar rediyonsa.” Iyayensa sun taɓa aiko da akuya don a sassauta, ta mayar musu da abinsu da igiyarta.

Shi kuwa bai taɓa ɗaga murya ba. Hula a hannu, ido a ƙasa, “To, Mama.” Mutane na cewa mai haƙuri ne. Ni dai na san irin shirun nan, ba haƙuri ba ne, ajiya ce.

Shekarar da babban ɗansu Vusa ya gama firamare, Mehluli ya sayo tsohuwar Fijo, ya kwana ya wuni a ƙarƙashinta har ta tashi. Ya ce ranar Asabar za a kai iyali silimar mota.

Tun asubar ranar MaGumbo ta karɓe gidan. Ta sa aka yanka zakara, ta ƙwace wuƙa daga hannun Zodwa wai tana ɓata cinya. Ta gasa shi, ta soya ƙananan burodi, ta naɗe komai cikin farin ƙyalle. Ta kori jikoki su yi wanka, ta duba bayan kunnuwansu, ta sake mayar da su.

“Mama, da duhu fa ake kallon nan, wa zai ga kunnensu?” in ji Zodwa.

“Ni zan gani. Ke kin taɓa zuwa? To rufe mini baki. A ɗauki bargo, sanyi ke sauka a filin. Kuma ki gaya wa wancan a tafi da wuri, masu latti can baya ake jefa su kusa da bayan gida. Ya tsaya da tagarsa daidai sandar lasifika, kada ya je yana kai da komo yana ba mu kunya.”

Mehluli yana tsugune yana duba taya, ya ce, “Zodwa, ki ce wa Mama na ji.”

Gilashin gaba da kanta ta goge, da jarida, tana ɗingisawa daga wannan gefe zuwa wancan. Gefen fasinja ta fi daɗewa a kai. Da la'asar ta shiga ɗaki ta fito cikin rigar cocinta mai ruwan bula, da takalmin da ke matse mata yatsu, har da hoda. Jikarta Sihle ta ce, “Kaka ta yi kyau,” ta harare ta, amma bakinta ya ɗan motsa. Ba ta tambayi kowa ba, ta buɗe ƙofar gaba ta zauna, ta ɗora jaka a cinya.

Kujerar gaban Fijon doguwa ce guda ɗaya, kamar benci.

Mehluli ya fito da makulli yana kaɗawa. Ya kai hannu ga ƙofarsa, ya leƙa, ya janye hannun a hankali. Ya cire hula, ya ja da baya, ya sunkuyar da kai.

“Zodwa, ki gaya wa Mama an gyara mata wuri a baya, har da matashi.”

MaGumbo ta dubi gaba. “Ki gaya masa nan na zauna.”

“Ki gaya mata ni ban isa in hau kujera ɗaya da surukata ba. In na sa giya gwiwar hannuna ta taɓa ta, ina zan kai wannan abin kunya? Ba a yi mini irin wannan tarbiyya ba. A gidan nan aka koya mini.”

Ba izgili ko kaɗan a muryarsa, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. Ita za a mayar baya, wajen yara da kwanduna? Ita, da furfurarta, a ƙasar da aka ce ta zama tasu?

“Ki gaya wa mai facin taya,” ta ce, “na zauna bayan motar waɗanda suka fi ubansa. Ba zan zauna bayan tasa ba.”

Zodwa ta tsaya tsakaninsu da fulas a hannu, idonta ya kawo ruwa don takaici. “Baban Vusa, don Allah. Yau ɗaya dai. Ni zan shiga tsakiya.”

“Kujerar dai ɗaya ce. Ko benci ne a gidan biki, kin taɓa ganin ta yarda na zauna can ƙarshensa?”

“Mama, to ke ki yi haƙuri.”

“Ki matsa, kina tare mini iska.”

Rana ta fara yin ja. Maƙwabta suka soma fitowa shara a ƙofofin da aka riga aka share. Yaran suna cikin kujerar baya rungume da barguna, sun yi tsit, sai Sihle da ta fara shessheƙa. Can Baba Phiri na ƙarshen layi ya taho da a-kori-kurarsa cike da nasa iyalin a kan katifa, su ma can za su. Ya tsaya ya leƙo. “Siwela, ta ƙi tashi ne? In turo?”

“Motar lafiyarta lau, Baba. Ɗan dakata mini.”

Sai Mehluli ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya auri Zodwa. Ya zagayo tagar MaGumbo, ya durƙusa, ya yi mata magana ba ɗan aike.

“Mama, abu ɗaya nake so. Ki ce mini, ‘Shigo, ɗana.’ Da bakinki, ba da na Zodwa ba. In kin faɗa, yanzu zan kai ki layin farko, ki ga komai.”

Ta ji shi sarai. Kalma biyu ce, har ta ji su a kan harshenta. Amma ga matar Phiri tana kallo daga kan katifa, ga masu tsintsiya sun daina shara. In ta faɗa, gobe a teburinta zai ci tuwo, kuma duk Njube za su ce da fim aka saye MaGumbo. Ta ƙara ƙanƙame jakarta, ta juya fuska.

“Zodwa,” ta ce, “ki gaya wa wancan numfashinsa na ɓata gilashi.”

Mehluli ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya mayar da hularsa. Ya buɗe baya ya fitar da yaran, ya ɗora su a motar Phiri, ya dawo ya kwashe kwando da barguna. Zodwa ta tare shi ta buɗe kwandon. Sannan ta yanki cinyar zakara, ta naɗe a takarda, ta ajiye wa uwarta a kan kujera.

“Kin samu kujerarki, Mama,” ta ce. Ta tafi ta hau katifa, ba ta waiwayo ba.

A-kori-kura ta yi tari ta ja da su duka, har da Mehluli. MaGumbo tana zaune ƙyam a kujerar gaba, gilashi tas a gabanta, ba abin da ke cikinsa sai bangon akurkin kaji da igiyar shanya. Ta saurari ƙarar motar har ta sha kwana wajen shagon nama, ta ɓace. Maƙwabta suka gaji suka shige.

Sai da layin ya yi shiru, ta ajiye jakar. Ta miƙa jiki da ƙyar ta tsallake doguwar kujerar, gwiwarta na ƙara, ta kama marikin ƙofar direba ta tura ta a buɗe. Ta koma wurinta ta gyara riga, ta zauna tana jira.