Wai Riƙo Ma Yana da Mai Shi

Matso kusa mai karatu, ka ara mini kunnenka, don abin nan har yau ban gama warware shi a kaina ba. Ni macen gida ce a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, gidanmu dab da kanal ɗin da ke ba gonaki ruwa. Maigidana manomin rani ne, ni kuma ina turara shinkafa. Karatuna bai wuce allo da 'yar firamare ba, kuma ba na fita, amma Allah ya ba ni kunne. Duk rigimar ruwa da aka yi a gona, kafin la'asar ta haura katanga ta same ni. Wane ya toshe wa wane ruwa ranar layinsa, wane ya hana aron injin ban ruwa saboda abin da aka yi masa bara. Sai in zauna ina tsince shinkafa ina kwaikwayon muryoyinsu, yara suna dariya.

Ɗana na fari, wanda ko sunansa ba na faɗa saboda kunya irin tamu, ya yi karatun kwamfuta a Kano ya dawo gida. Ba ma doguwar hira da shi, gaisuwa ce da ɗauki abincinka. Ina lura dai duk sanda na fara kwaikwayon nan sai ya zo ya zauna bakin zaure kamar waya yake dannawa. Ashe wasa yake haɗawa, irin wanda ake yi a waya. A cikin wasan kai manomi ne, ruwa yana zuwa layi-layi. In ka toshe wa maƙwabcinka ruwa, ba ya mantawa. Sai ka shiga matsi ka je aron inji, ya tuna maka. Wani ma sai ya zama shugaban manoma, ya danne ka da tsohon laifinka. Ranar da ƙannensa suka gwada, na ji maganganuna suna fitowa daga waya, har da wadda nake yawan yi cewa ruwan kanal ba gadon uban kowa ba ne. Na yi kamar ban ji ba, amma ranar sai da na ƙara masa nama a tuwo.

Wata rana da hantsi ina kwashe shinkafa daga tukunya, shi kuma yana bayan katanga yana waya da abokinsa na Kano, wanda zai taimaka masa a kai wasan kasuwa. Na ji muryarsa ta sauya. Yana maimaita cewa wai wani kamfani a ƙasar waje yana da haƙƙin mallaka a kan mutanen wasa su riƙa tuna laifi, su rama, su kuma hau muƙami, kuma wai kamar sun shiga haƙƙin kamfanin. Kalma biyu suka tsaya mini a wuya. Haƙƙi dai na san shi, shi ne abin da ko ƙasa ba ta ci. Mallaka kuwa, a wurinmu mata, kun san ba sunan alheri ba ne, sai an bi boka ake yin ta. Na tsaya da matsami a hannu ina ta salati. Ɗana ya ci haƙƙin wani, kuma har da mallaka a ciki.

Da wani ne cikin ƙannensa, da na zaunar da shi na tambaye shi tiryan-tiryan. Amma ɗan fari ne. Na gaya wa mahaifinsa, ya ce shi tumatirinsa na neman ruwa, ba ruwansa da wasan yara. Sai na kira yaron, na kau da kai gefe, na ce masa in dai na isa da shi, duk inda haƙƙin wani yake a cikin abin nan ya cire shi. Ya fara cewa Umma ba irin wannan haƙƙin ba ne, a bari ya nemi wanda ya san doka tukuna. Na katse shi, na ce haƙƙi ba shi da iri-iri, ko na mutumin da bai taɓa gani ba ne. Ya ce to. Wannan to ɗin har yau tana kunnena.

Ya cire. Mutanen wasan suka koma ba sa tuna komai. Ka toshe wa maƙwabci ruwa yau, gobe ya gaishe ka da fara'a kamar wanda aka shafe wa ƙwaƙwalwa. Ƙanwarsa ta ce wannan ai ba garinmu ba ne, aljanna ce, ta ajiye wayar. Abokin na Kano ma ya janye, ya ce gishirin aka cire.

Daga baya malaminsa na makarantar kwamfuta ya zo sayen shinkafa, na gaishe shi daga bayan labule, na tambaye shi. Bayaninsa ya ƙara rikita ni. Ya ce takarda ce hukumar wata ƙasa ke ba mutum, cewa shi ya fara yin abu ta wata hanya, kada wani ya yi irinta sai shekarun takardar sun cika. Babu boka a ciki. Ya ce mai yiwuwa takardar ba ta iso ƙasarmu ba, amma mai yiwuwa ta kama yaron in wasan ya shiga ƙasarsu. Mai yiwuwa kuma hanyar da yaron ya bi daban ce, sai lauya ya karanta ya gani. Ya ce har manyan masu haɗa wasa sukan bar dabara mai kyau don tsoron shari'a kawai, ba tare da an kai su kotu ba. Na ce to yaron ya ci haƙƙi ko bai ci ba? Ya ce shi ma ba zai rantse ba.

Na aika gwaggon yaron ta gaya masa na janye maganata. Ya ce ya gode, amma bai mayar ba. Yanzu gyaran waya yake yi a Kura. Ƙanwarsa ta ce ya gaya mata duk dabarar da ta zo masa sai ya ji kamar wani ya riga ya yi mata takarda, wai har kibiyar da ke nuna wa ɗan wasa hanya an taɓa yi mata. Ni kuma na rage kwaikwayon mutane, don babu mai zama bakin zaure.

Iyaye, in kun ji rabin magana ta bayan katanga, ku nemi sauran rabin kafin ku ɗora wa ɗa nauyin bakinku. Kunya ado ce, amma ta hana ni tambaya guda da ta fi ƙarfin hukuncina. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, riƙon nan tun kakanninmu ake yin sa a kan ruwa, daga bakina yaron ya ɗauka, ni ma daga katanga na ɗauka. To kai mai karatu, gaya mini, na tserar da ɗana daga haƙƙin wani ne, ko ni ce na ci nasa?