Tulun da Na Huda

Jiya jikata ta fasa tsohon tulun da ke bayan ƙofata. Ina tsintar gutsattsarin na ga zanen ƙadangare a jikin wani, sai kakata ta faɗo mini a rai.

Maginiyar tukwane ce a ƙauyenmu kusa da Karu, tun wurin yana gonakin doya da dawa. Ba ta zana tulu a ranar da ta gina shi. Takan ajiye shi a inuwa ta zauna tana kallonsa, can ta kanga kuncinta a jikinsa ta ce, "Da saura."

Wata rana, ana gobe kasuwa, na gaji da jira. Na ɗauki tsinken zanenta na dasa wa ɗanyen tulu, tsinken ya zarce ciki. Sai ga Kaka ta iso. Ba ta yi faɗa ba. Ta kama kaina da hannunta mai ƙanshin yumɓu, ta manna kuncina a jikin tulun, na ji danshi yana kama mini fata.

"Kin ji ko? Bai shirya ba," in ji ta. "Ke ma haka."

Ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, amma ita ta koya mini rubutu. Shekaranjiya cikin fushi na rubuta wa ƙanwata wasiƙar yanke zumunci, da yau zan aika. Ɗazu na ɗauko takardar na kanga ta a kuncina. Da saura. Na mayar da ita akwati.

Allah ya sanyaya makwancinki, Kaka, kamar ruwan tulunki.